Motar Farko a Ingila: In Saya da Sunana Ko In Bar Wa Yayana?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu zuwa. Wata huɗu ke nan da saukata Bradford, ina aikin kula da tsofaffi, irin wanda ake bi gida-gida. A rana ɗaya sai in shiga gida bakwai ko takwas, duk a bas, wani lokacin in ci minti arba'in a tsaye cikin sanyin nan ina jira. A wurin aiki sun ce in ina da mota za su ƙara mini awoyi. Na tara fam 2,500. To akwai wani ɗan garinmu, tamkar yayana yake, shekararsa tara a ƙasar nan. Ya ce in kawo kuɗin ya sayi motar da sunansa, ya yi inshora da sunansa, ni kuma ya sa ni direba ta biyu, wai haka zai rage mini fiye da rabi. Da na gwada da sunana, fam 3,000 da ɗoriya aka nuna mini a shekara, ya ma fi kuɗin motar. Lasisin gida ne da ni, shekara shida ina tuƙi tsakanin Zariya da Kaduna. Me kuka gani?

Ɗalibin Sheffield:
Wa'alaikumus salam Anti. Ki gode Allah da kika samu mai ara miki suna. Rabin mutanen da na sani haka suka fara, ban ji wanda aka kama ba. Wa zai biya 3,000 kan motar 2,500?

Baban Sultan:
Wa'alaikumus salam. Sannu da zuwa ƙanwata, Allah ya sa an shigo a sa'a. Ɗalibi, ka yi haƙuri, ba zan bari wannan ta wuce ba. Shekarata goma sha huɗu a Birmingham, kuma abin da yayan nan naki ya kawo, ko da kyakkyawar niyya ya kawo shi, a dokar ƙasar nan zamba ce. Kamfanin inshora yana tambaya ƙarara: wane ne zai fi tuƙa motar? In aka rubuta shi alhali ke ce kullum a kan sitiyari, an yi musu ƙarya. Ba a gane hakan ranar da ake biyan kuɗi, shi ya sa Ɗalibi bai ji wanda aka kama ba. Ranar da aka yi haɗari ake ganewa. Su tambayi ina motar take kwana, wa yake zuwa aiki da ita, daga asusun wa kuɗin ya fita. Suna iya soke inshorar kamar ba a taɓa yi ba. Wanda kika buge za a biya shi, amma kamfanin zai iya juyowa kanku ya nemi kuɗinsa, kuma in an ji wa mutum rauni ba maganar fam dubu biyu ko uku ake yi ba. Daga ranar kuma duk inda ɗayanku ya je neman inshora sai an tambaye shi ko an taɓa soke masa.

Akwai kuma wata asarar da ba a gani. Kowace shekara da kika yi da inshorar sunanki ba ki jawo musu biyan diyya ba, ana rubuta miki rangwame. Shi ne yake sauko da 3,000 ɗin nan a shekara ta biyu da ta uku. In kina laɓe a bayan sunan wani, shi kike tara wa.

Anti Nas:
Baban Sultan ya faɗi gaskiya. Ni abin da ya tsaya mini a rai aikinki ne, Maman Ilham. Tunda gida-gida kike bi, inshorar yawo da zuwa kasuwa ba ta ishe ki ba, har wadda ta haɗa da zuwa wurin aiki guda ɗaya ba ta isa ba. Sai kin zaɓi wadda ta ƙunshi amfani da mota a cikin aiki. Yawancin masu ɗaukar aikin kula ma sai sun ga shaidar hakan kafin su fara biyan ki kuɗin mil. To ta yaya za ki kai musu takardar da ta ce wani namiji a wata unguwa shi ne babban direba? Ƙarin kuɗin wannan ɓangaren sau da yawa ba shi da yawa, mutane ne kawai ba su san su zaɓa ba. Masu kai abinci da kaya kuma nasu daban ne gaba ɗaya, kada wani ya ji wannan ya ce ya samu.

Maman Ilham:
Anti wallahi ban san da wannan ba sam. Na ɗauka inshora inshora ce.

Ɗalibin Sheffield:
To na ji. In dole sai da sunanta, akwai wani da yake yi wa mutane inshora da araha, ta waya ake komai. Abokina 600 ya biya aka turo masa takarda. In kina so in nemo miki lambarsa.

Ɗan Zango:
Ƙanina, don girman Allah kada ka turo lambar nan, kuma ka gaya wa abokinka ya ajiye motar yau har ya bincika. Ni ganau ne. Shekarar da na zo daga Kumasi wani ya haɗa ni da irin wannan mutumin. Na ba shi fam 700, ya turo takarda mai kyau da tambari da komai. Wata uku ina yawo hankalina kwance. Wata rana da yamma 'yan sanda suka tsayar da ni, na'urar karanta lamba ta nuna musu motata ba ta da inshora. Na nuna takardar, suka buga waya, aka ce an yi inshorar da adireshin wani ƙauye da shekarun da ba nawa ba, kuma an soke ta tun makon farko, mutumin ya karɓe kuɗin. A gefen titi suka ɗauke motar, na koma gida a ƙafa da kayan cefane. Tara fam 300 da maki 6 na laifi a lasisi, ga kuɗin fanso mota. Cewa an yaudare ni bai cire ni ba, don doka ta ce direba ne zai tabbatar. Shekara biyar duk inda na nemi inshora sai na faɗi laifin nan. Lambar mutumin kuwa ta daina shiga.

Baƙi suke farauta, irinmu, kuma sau da yawa da bakin wanda muka yarda da shi suke shigowa. Duk dillalin inshora na gaskiya sunansa yana cikin rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi da inshora, ana dubawa kyauta. Bayan an biya kuma mutum ya sa lambar motarsa a askMID, shafin da ake duba ko mota tana da inshora, ya ga ko ta fito.

Ɗalibin Sheffield:
Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri Yaya. Yanzu zan kira shi.

Baban Sultan:
Sai maganar lasisi, wadda ta fi komai gaggawa a wurinki. Lasisin Najeriya wata 12 kacal yake aiki a nan, kuma ana ƙirgawa ne daga ranar da kika fara zama, ba daga ranar da kika sayi mota ba. Kin ci huɗu, saura takwas. Zuwa gida hutu a dawo ba ya sabunta lissafin, ko da kin ji wasu suna faɗa. Kuma ba a musanya shi da na nan. Akwai ƙasashen da ake musanya nasu, kamar Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Kanada da Daular Larabawa, amma Najeriya da Nijar da Gana ba sa ciki. Dole ki yi jarrabawa.

Yau ɗin nan ki nemi lasisin koyo, fam 34 ne ta intanet. Jarrabawar karatu fam 23, tambaya 50 ana son ki ci 43, sai ɓangaren bidiyo na hango haɗari, 44 cikin 75. Ta tuƙi fam 62 a ranakun aiki, 75 da yamma ko ƙarshen mako. Ba a ba ki ranar ta tuƙi sai kin ci ta karatu, kuma layin yana ɗaukar watanni. In wata 12 ta cika ba ki ci ba, kin koma 'yar koyo: sai da alamar L, sai da wani a gefenki wanda ya haura shekara 21 kuma ya yi shekara 3 da lasisi. Ba za ki ɗauki mutum yana bin ki gidajen tsofaffi ba.

Anti Nas:
Shi ya sa ni a ganina ta haƙura da mota har ta ci jarrabawa. Kuɗin inshorar ma yana sauka in lasisin nan ne. Ta zuba kuɗin a koyo. Na ga mata biyu da suka sayi mota, wata 12 ta ƙare, mota ta zauna a ƙofar gida suna biya mata inshora da haraji suna hawa bas.

Baban Sultan:
A nan mun saɓa, Anti. Wata takwas na ƙarin awoyi kuɗi ne, kuma tuƙin kullum a titunan nan shi ne babban darasi. Abin da zan ce, ta nemi malamin tuƙi ko darasi shida ne zuwa goma, ba don ba ta iya ba, don ya cire mata tuƙin gida. Wanda ya shekara ashirin yana tuƙi a Kano yana faɗuwa a nan saboda madubi da shataletale. Ba a danna hon a kutsa. Na dama ake ba wa hanya, kuma mai jarrabawa yana son ya ga kanki ya juya.

Anti Nas:
In ta samu ranar jarrabawa cikin wata takwas ɗin, na yarda da kai. In ba ta samu ba fa? Ni dai ta fara cin ta karatu, ta ga ranar da aka ba ta, sannan ta fitar da kuɗin mota.

Ɗan Damagaram:
Ni daga Italiya na dawo nan, bari in ƙara wani abu saboda masu irin halina. Lasisin Tarayyar Turai yana aiki a nan ba tare da sabuwar jarrabawa ba, in a can ka yi jarrabawar. Amma in asalinsa na wata ƙasar waje ne aka musanya maka a Turai, wata 12 ɗin nan ce kai ma.

Makaniken Leeds:
Salam. Ni bari in yi maganar ƙarfen, tunda shi na sani. Hajiya, da 2,500 kada ido ya ja ki ga babbar mota. Za ki ga BMW da Marsandi a wannan kuɗin, araha ce ta tarko, gyara ɗaya ya cinye albashin wata. Ki nemi ƙarama mai fetur, inji 1.0 zuwa 1.4, irin su Toyota Yaris ko Honda Jazz. Motoci suna da rukunin inshora daga 1 zuwa 50, ki zauna a ƙasa. Kafin ki je ganin kowace mota ki sa lambarta a shafin kwatanta farashin inshora, za ki ga mota biyu masu kuɗi ɗaya amma inshorarsu ta bambanta da ɗaruruwa.

Kada ki sayi mai dizal. Aikinki tafiyar minti biyar ce a kashe, minti goma a kashe. Mai dizal tana da matatar hayaƙi da sai an yi doguwar tafiya take wanke kanta, in ba haka ba ta toshe. Kowane mako sai an kawo mini irinta.

Sannan ki yanke shawara tun yanzu: in kika yi jarrabawa da otomatik, otomatik kaɗai lasisinki zai ba ki. In da mai giyar hannu kika yi, duka biyun. Amma ga mai gaggawa irinki, in otomatik kika saba, ki tsaya a kanta.

Maman Ilham:
Otomatik na saba, Oga. To yaya zan gane ba a ɓoye mini wani ciwo ba? A gida da makanikenmu nake zuwa.

Makaniken Leeds:
A nan kafin makanike akwai abin da ya fi shi, kuma kyauta ne. Duk motar da ta kai shekara 3 sai an yi mata gwajin MOT duk shekara, kuɗinsa ba ya wuce fam 54.85. Ki shiga shafin gwamnati ki sa lambar motar, zai fito miki da tarihinta: shekarar da ta ci, shekarar da ta faɗi, dalilin faɗuwar, da mil ɗin da take kai kowane gwaji. In bara tana 96,000 bana mai sayarwa ya ce 70,000, an taɓa agogo, ki wuce. Ki karanta gargaɗin da ake rubutawa a ƙasa. Taya da birki ba komai ba ne, ana canjawa. Amma in kika ga tsatsa a ƙarƙashi shekara bayan shekara, ki gudu. Gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi yana cin ƙasan mota, sama tana sheƙi ƙasa ta ruɓe.

Bayan wannan ki biya 'yan fam a yi miki binciken tarihi irin na HPI. Shi zai nuna ko ta sata ce, ko akwai bashin kamfani a kanta, ko inshora ta taɓa yafe ta bayan haɗari. Rukunin S yana nufin ƙashin motar ya taɓu, N kuma bai taɓu ba. Ana sayar da su halal, amma ba na motar farko ba ne.

Ki je da rana, ba cikin ruwa ba. Ki taɓa bonet ki ji injin da sanyi yake, don wasu suna ɗumama ta kafin ki iso. Ki buɗe murfin man inji, in kika ga farin abu kamar madara a ciki ki yi hattara. Ki tambayi yaushe aka canja bel ɗin inji in mai bel ce, a nuna miki rasit. Lambar ma tana faɗa miki shekara: 12 a tsakiya daga Maris zuwa Agustan 2012 ke nan, 62 kuma daga Satumban 2012 zuwa Fabrairun 2013.

Ɗan Zango:
A duba maganar hayaƙi ma. Mu a Landan tun 29 ga Agustan 2023 ULEZ, yankin da ake cajin motoci masu yawan hayaƙi, ya mamaye dukkan unguwanni, fam 12.50 kullum in motarka ba ta cika sharaɗi ba. Mai fetur yawanci daga 2006 zuwa sama ta tsira, mai dizal sai daga wajen ƙarshen 2015. Shi ya sa tsoffin masu dizal suka yi arha suna kwararowa arewa.

Baban Sultan:
Mu a tsakiyar Birmingham fam 8 ne. Bradford suna da nasu yankin amma ba sa cajin motar gida. Duk da haka ki sayi wadda ta cika sharaɗin, wata rana za ki kawo mana ziyara, kuma ta fi saurin fita ranar sayarwa.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Amma ku fahimce ni, mutumin nan ba macuci ba ne. Shi ya tare ni a filin jirgi, a gidansa na zauna mako uku, matarsa ta nemo mini ɗaki. In na ce masa a'a kamar na ce ban yarda da shi ba ne. Ko in bari ya sayi motar da sunansa, inshora kawai in yi da nawa?

Hajiya Babba:
'Yata, tun ɗazu ina karantawa ban ce komai ba, yanzu zan ce. Ba wanda ya ce yayanki macuci ne. Ni saboda shi ma nake so ki ce a'a. Maigidana, Allah ya ji ƙansa, ya taɓa yi wa wani yaro irin wannan alherin. Mota da sunansa, yaro yana tuƙi. Yaron ya koma wani gari, mu ma muka tashi daga gidan da muke, aka manta ba a canja adireshi a takardar motar ba. Wasiƙun tara suna ta zuwa tsohon gida, na ajiye mota ba daidai ba, na shiga layin bas, har da na gudu. Wanda sunansa yake kan takarda shi ake aiko wa. Na gudun ma in ba ka faɗi wanda yake tuƙi ba, kai ake ba maki 6. Ba mu san komai ba sai da masu karɓar bashi suka buga mana ƙofa, ƙananan tara sun haihu sun yi jikoki. Yaron bai yi da gangan ba, shi ma bai ga wasiƙun ba. Amma aka biya kuɗi cikin ɓacin rai, kuma zumuncin gidaje biyu da ya faro tun daga Katsina ya yi sanyi har Alhaji ya rasu. Abin yana damuna har yau.

Ki je gidansa da kanki, kada ki yi ta waya. Ki gode masa, ki ce wurin aiki suna son komai da sunanki, kuma gaskiya ce. Sannan ki roƙe shi ya raka ki ganin motar ya yi miki ciniki. Kin ba shi girmansa ke nan.

Baban Sultan:
Allah ya ji ƙan Alhaji, Hajiya. Kuma akwai hanyar da zai taimaka miki ta halal: ke ce babbar direba, shi a sa shi na biyu, in dai da gaske zai riƙa taɓa motar wani lokaci. Tsohon direba mai tsaftataccen lasisi yakan sauko da farashin. Ki gwada kuma irin wadda ake sa ɗan akwati yana lura da tuƙinki, sai dai ki karanta sharaɗinta tunda kina aikin dare. Kuma kada ki nemi inshorar da za ta fara yau, in kika sa ta fara nan da mako biyu ko uku yawanci ta fi sauƙi.

Takardar da Hajiya take magana ita ce V5C, ja ce, DVLA, hukumar lasisi da rajistar motoci da ke Swansea, suke bayarwa. A jikinta an rubuta cewa ba shaidar mallaka ba ce, tana nuna mai riƙe da motar ne kawai. Saboda haka ki karɓi rasit: sunanku, lambar mota, mil, kuɗi, kwanan wata, sa hannu. Ki biya ta banki. Ki ga motar a adireshin da yake kan takardar, ba a gidan mai ko bakin kanti ba. Lambar jikin mota da ke ƙasan gilashin gaba ta yi daidai da ta takarda. In aka ce takardar ta ɓata, za a aiko daga baya, ki bar musu motarsu.

In an gama ciniki, mai sayarwa ya sanar da DVLA ta intanet a gabanki, ya yago miki koren ɓangaren. Da lambar da ke kan koren nan za ki biya haraji nan take. Tun Oktoban 2014 haraji ba ya bin mota, ko ya ce miki akwai sauran wata shida, shi za a mayar wa kuɗinsa. Inshora da haraji duka kafin taya ta juya. Harajin ma ki duba kafin ki saya: motocin da aka yi wa rajista daga 2001 zuwa Maris 2017 da hayaƙinsu ake lissafi, akwai ƙanana masu fam 20 ko 35 a shekara, akwai masu ɗaruruwa.

Ɗan Damagaram:
Wajen dila ya fi ko wajen mutum? Ni wajen mutum na saya, na samu sauƙi.

Makaniken Leeds:
Kai ka san mota. Ita gara dila mai wuri da ake gani. Dokar 2015 ta kare mai saye ta ba da kwana 30 a mayar da mota a karɓi kuɗi in ta fito da babban aibi, in daga ɗan kasuwa aka saya. Wajen mutum kuwa, in dai bai yi ƙarya a bayaninsa ba, gyara ya zama naka. A kula da 'yan kasuwar da suke shigar mutanen gida don su kauce wa dokar nan. In ka kira ka ce kana tambayar motar, ya ce wacce daga ciki, ka gane.

Malamin Islamiyya:
Assalamu alaikum. Abu biyu zan taɓa. Na farko, na ji daɗi da ba wanda ya tura ta ga bashin mota. Dila zai ce ki kawo 2,500 ɗin kafin alƙalami ki ɗauki ta 10,000 kina biya wata-wata. Yawancin wannan da ruwa a ciki, kuma motar ba taki ba ce sai kin gama biya, ba ki da ikon sayar da ita. Inshorar ma in aka raba ta wata-wata galibi bashi ne da ruwa a kai. Wanda ya iya biya gaba ɗaya ya huta ta fuska biyu. Ita inshorar kanta malamai da dama sun yi sassauci a kan wadda doka ta wajabta saboda lalura. Na biyu, lalurar ba ta halatta ƙarya a cikin takarda ba. Mun shigo ƙasar nan da alƙawarin bin dokarta. Kuma hukuncin kotu yana cikin abin da ake tambaya ranar neman zaman dindindin.

Anti Nas:
Malam, biya gaba ɗaya ga wadda ta yi wata huɗu da zuwa ba ƙaramin abu ba ne. Maman Ilham, muna da adashi na mata goma, fam 200 duk wata, za mu fara sabon zagaye. In kina so zan yi wa sauran magana a ba ki ɗaukar farko, wasu sun samu haka a baya.

Ɗalibin Sheffield:
Na kira abokin nawa, ya sa lambar, ba ta fito ba. Ya ajiye motar. Ni kuma tambayata ta sayarwa ce, don ina gama karatu a Satumba. In ban samu mai saye ba zan bar wa wani ya sayar ya turo mini, ko in saka ta jirgin ruwa zuwa gida.

Baban Sultan:
Kada ka bar ƙasar nan sunanka yana kan mota, labarin Hajiya ya ishe ka. Ka fara tallarta wata guda kafin tafiya. In lokaci ya ƙure, kamfanonin da suke saye nan take za su karya farashi amma ka rabu da ita da tsafta. Ranar da ka sayar ka sanar da DVLA da kanka, da lambar da ke kan V5C ake yi, ka adana saƙon da za su turo. Kada ka miƙa makulli sai ka ga kuɗi a cikin asusunka da idonka, ba hoton tura kuɗi a wayar mai saye ba. Ka kira inshora ka rufe, ka karɓi shaidar rangwamenka ko za ka dawo. In za a ajiye ta ne ba tuƙi, sai an yi mata SORN, wato sanar da DVLA cewa an ajiye ta, kuma ta bar kan titi, in ba haka ba mota mara inshora ko tana tsaye ana cin tararta. In ta mutu ce, ka kai wa masu lasisin farfasa mota su ba ka takardar shaida.

Makaniken Leeds:
Maganar kai ta gida ka manta. Sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa tun 1972 ta koma tuƙi a hannun dama, kuma hukuma ba ta yarda da mai sitiyari a dama ba. Juya sitiyarin da ake yi na ga yadda yake ƙarewa, wayoyi a dagule, birki ba daidai ba. Ga kuɗin jirgi ga kwastan. Ka sayar a nan, ka sayi 'yar Kwatano in ka isa.

Maman Ilham:
'Yan'uwa ga yadda ake ciki. Jiya bayan la'asar na je gidan Yaya kamar yadda Hajiya ta ce. Da farko ya yi shiru, ya ce shi sauƙi yake nema mini. Da na karanta masa abin da Ɗan Zango da Hajiya suka rubuta, matarsa ce ma ta fara cewa gaskiya ne. Ya yarda a sa shi na biyu, don dama yakan bukaci ƙaramar mota ranar da matarsa ta fita da tasu. Mun gwada da wata Jazz ta 2011 otomatik, da aikin gida-gida a ciki, ya sauko zuwa 2,100. Na nemi lasisin koyo, na fara karatun jarrabawa a waya. Anti Nas, ina son adashin, Allah ya saka. Kuma zan bi maganarki, ba zan biya kuɗin mota ba sai na ci ta karatu na ga ranar da za a ba ni, sai dai ina so in fara gani da ido. Motar tana wajen wani dila a Huddersfield, tarihin MOT ɗinta ya nuna gargaɗin tsatsa sau ɗaya a bututun birki shekara biyu da suka wuce, bara kuma babu. Oga, wannan abin gudu ne?

Makaniken Leeds:
Ba lallai ba, wataƙila an canja bututun ne. Ki ce ya nemo rasit ɗin aikin. Asabar ina tashi ƙarfe ɗaya, ku same ni a tashar jirgin ƙasa ta Huddersfield ƙarfe biyu ke da Yayan, zan zo da tocila da na'urar duba inji. Ki ce masa kada ya tayar da ita kafin mu iso.